Shatin da ke Hannun Gimbiya

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Na sayi wannan littafin ne don in riƙa rubuta abin da na gani da ranar da na gan shi, kada gobe wani ya ce ƙari nake yi. Yau da nake yi wa Gimbiya wanka na ga shati a wuyan hannunta na hagu. Ja ne, ya zagaye hannun kamar awarwaro. Ba cizo ba ne. Cizonta na san shi, a bayan hannu take yi, kuma haƙora suna fita.

Na ce, "Wa ya yi miki?" Shekararta tara ban taɓa jin amsa daga bakinta ba, amma har yau ina tambaya. Ta ci gaba da buga ruwa da murfin kwalbarta.

Na kira Inna ta duba. Ta ce idonta ba ya gani sosai da yamma, ƙila hannun riga ne ya matse ta. Rigar makarantar ba ta da roba a hannu, ni na kai ɗinkin.

Ƙarfe bakwai na safe motar makaranta take ɗaukarta, ƙarfe biyu ta sauke ta a hannun Inna. Ni sai shida saura nake tashi daga kantin magani. Awa bakwai ke nan tana hannun mutanen da ba jininta ba.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana, a kanti

Akwai littafin saƙo da ke zama a jakarta. Malamai suna rubuta abin da ta ci da sau nawa ta zagaya, ni kuma in sa hannu. Jiya da na buɗe sai na ga Malama Ƙarama ta rubuta: "Ta zo da ja a hannun hagu tun da safe." Kuma ranar Litinin ta rubuta shi, ni ce ban lura ba.

Ka ji wayo. Tun kafin a tambaye ta ta wanke kanta.

Yara shida ne a ajinsu, malamai biyu. Malama Babba ta fi zama da yaran da ke iya nuna hoto. Gimbiya kuwa ta Malama Ƙarama ce, ita ke kai ta banɗaki, ita ke zama da ita lokacin cin abinci. Ita ta koya mata riƙe cokali, wata bakwai suna abu ɗaya. Ranar da Gimbiya ta kai cokali bakinta da kanta na yi kuka a gabansu, har na saya wa malamar turare. Yanzu tambayar da nake yi wa kaina ita ce, wadda ta iya zaman wata bakwai a kan cokali ɗaya, me take yi ranar da haƙurin ya ƙare kuma babu mai kallo?

Alhamis, bakwai da rabi na yamma

Yana nan. Ya ƙara ja. Na ɗauki hoto a waya.

Juma'a, ƙarfe shida na safe

Baban Gimbiya ya kira daga hanya, sai ƙarshen wata zai sauke tirelarsa. Na gaya masa. Ya ce, "Ke dai ki bi a hankali. Makarantu huɗu fa suka dawo mana da ita. In kika tayar da rigima a nan ma, ina za mu kai ta?"

Na ce, "To in zuba ido ana ɗaure min 'ya kamar akuya?"

Ya ce, "Kin gani da idonki?"

Na kashe wayar. Mai tuƙi yana jin rediyo ba zai san abin da ake ciki ba. Amma maganar makarantu huɗun ta tsaya min a rai, don gaskiya ce. Ta ƙarshen ma ko kujera ba su ba mu ba.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Na ce wa maigidan kanti zan je karɓo saƙo, na hau mota na sauka a bayan makarantar. Ban bi ta ofis ba. Na tsaya jikin tagar ajinsu, inda labulen bai rufe ba.

Lokacin cin abinci ne. Akwai wata kujera mai ɗamara a kusurwa, an zaunar da wani yaro wanda wuyansa ba ya tsayawa. Ɗamara dai. Na rubuta. A saman kabad kuma na hango tarin ƙyallaye dogaye, an naɗe su tsaf.

Gimbiya tana teburinta. Malama Ƙarama tana zaune ɗan baya da ita, bakinta a rufe, ko kallonta ba ta yi. Sai ta miƙa hannu ta taɓa ta, ta janye, ta koma ta zauna kamar gunki. Ba rarrashi, ba "ci mana 'yar kirki". Wannan wace irin kulawa ce? Ni in ina ba ta abinci bakina ba ya hutawa.

Mai gadi ya gan ni, ya ce, "Hajiya, ai da kin shigo ta ƙofa." Kafin in juya Malama Babba ta fito tana murmushi. Na tambaye ta ƙyallayen nan na mene ne, ta ce na ɗaura wa yara a wuya ne saboda yawu. Amsar ta fito da sauri, kamar an daɗe da shirya ta.

Talata, bakwai na yamma

A littafin saƙo: "Maman Gimbiya, don Allah ki samu lokaci mu yi magana, mu biyu kawai."

Mu biyu kawai. Ta ji labarin na leƙa taga, hankalinta ya tashi. Ban sa hannu ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Maman 'yan biyu ta shigo sayen maganin tari, ɗanta ɗaya yana ajin gaba da na Gimbiya. Na nuna mata hoton, har na tura mata a waya. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi igiya ce! Ai dama ni wannan Ƙaramar ba ta kwanta min ba. Mace ba fara'a, ba hira, ka gaishe ta ta amsa a ciki. Kuma ba ta taɓa haihuwa ba, ina ta san zafin ɗa?"

Na san Maman 'yan biyu, ko liman ta gani sai ta samo masa aibu. Amma yau maganarta ta shige ni, don irin ta nake son ji.

Da na dawo na tarar Inna ta yi wa Gimbiya wanka tun kafin in iso, har ta sa mata riga mai dogon hannu. Ta ce ƙawar tata, wato Gimbiya, ta ɓata jikinta da ayaba. Allah ya saka wa Inna, shekara saba'in da ɗoriya tana fama da jika. Na naɗe hannun rigar na duba. Na sake ɗaukar hoto.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

An yi ta ta ƙare.

Na shiga ofishin Shugabar makarantar da hotuna biyar. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ta sauya, ta aika a kira Malama Ƙarama. Ta shigo hannunta da danshin ruwa, da alama daga wanke wani yaron take.

Shugaba ta ce, "Malama, me kika sani game da wannan?"

Ta ce, "Ban taɓa ɗaure yaro ba, ranki ya daɗe. Ni na fara rubuta shi a littafi." Sai ta juyo gare ni. "Maman Gimbiya, na roƙe ki mu yi magana."

Na ce, "Ga ni, ga ki. Faɗe ta a nan kowa ya ji."

Ta dube ni, ta dubi Shugaba, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa sai bakina ya buɗe. Na ce 'yata ba ta da bakin faɗa amma uwarta tana da shi. Na ce in ba a ɗau mataki ba hotunan nan za su shiga wayar kowane uba da uwa a makarantar nan. Na faɗi wata magana a kan rashin haihuwa wadda ba zan rubuta a nan ba.

An dakatar da ita har a gama bincike. Ta cire rigar aikinta ta rataye a bayan ƙofa, ta ce wa Malama Babba, "Cokalinta shi ne mai kauri, yana aljihun jakarta na gefe." Ta fita.

Ya kamata in ji sanyi. Ciwon kai nake ji.

Asabar, shida na yamma

Na ba Inna labari ina jiran ta sa min albarka. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "'Yar nan, da kin bar 'yar mutane a bakin aikinta."

Na ce, "Inna, ko ta turo wani ya ba ki haƙuri ne?"

Ta ce babu wanda ya zo. Ta tashi ta shiga ɗaki, ko shayinta ba ta sha ba. Zan tambayi maƙwabta ko sun ga baƙuwar fuska a ƙofarmu.

Litinin, bakwai na yamma

Littafin saƙo, rubutun Malama Babba: "Ba ta ci ba."

Talata, bakwai na yamma

"Ba ta ci ba. Ta jefar da cokali."

Laraba, bakwai da rabi na yamma

"Ba ta ci ba." A gida ma sai madara, ita ma da ƙyar, ina ɗura mata tana kawar da kai. Na yi waƙa, na yi rawa, na yi faɗa. Ta tura min kwanon a cinya.

Shatin yana nan. Tsohon ne bai gama bajewa ba, fatar yara haka take.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Direban motar makaranta. Me ya sa ban yi tunaninsa ba? Minti arba'in suke yi a hanya, kuma Gimbiya ba ta zama wuri ɗaya. Yau da safe na leƙa motar sosai, har ƙarƙashin kujeru. Ya ce, "Hajiya, wani abu ya faɗi ne?" Na ce a'a. Matar da ke raka su a motar ta bi ni da kallo.

Ko Malama Babba ce tun farko, ta bari aka kori ƙaramar?

Ko duk bakinsu ɗaya.

Asabar, bakwai na yamma

Yau babu makaranta. Babu mota, babu direba, babu malama. Ni na je kanti rabin yini, na dawo ƙarfe huɗu.

Shatin sabo ne, har ya ɗan kumbura.

Ban ɗauki hoto ba.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Na wanke labule, na goge tagogi, na jera takalma. Wandon Gimbiya ya fara zamewa daga ƙugunta, sai da na sa masa fil. Ba ni da abin rubutawa.

Litinin, bakwai na yamma

"Ba ta ci ba. Maman Gimbiya, ya kamata likita ya gan ta."

Talata, biyar da rabi na yamma

Ƙarfe uku na ce wa maigidan kanti kaina yana ciwo. Ban yi sallama ba da na iso. Na cire takalmi tun a ƙofa, na murɗa makulli a hankali kamar ɓarauniya a gidana.

Suna falo, a kan shimfiɗa. Inna ta jingina da bango tana barci, bakinta a ɗan buɗe, kanta babu ɗankwali. Ɗankwalin yana ɗaure a hannun Gimbiya na hagu, ɗaya bakin kuma a hannun Inna na dama. Murfin kwalbar ya gangara ƙarƙashin kujera, Gimbiya ta miƙe iya tsawonta tana son ɗaukowa, tana ja, tana ja, ba kuka ba ƙara. Hannun Inna yana ɗagawa yana faɗuwa, ita kuwa ba ta farka ba.

Na durƙusa na kwance. A nan na ga nata hannun. Ya fi na yarinyar muni, har ya yi ɓawo.

Ta buɗe ido ta gan ni. Ba ta yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ta ce, "Kin dawo da wuri."

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce tun da aka canza mata maganin hawan jini barci yake sace ta bayan azahar, ko tana zaune. Ni na kawo mata maganin nan da hannuna daga kanti, na san yana sa barci, yana rubuce a jikin kwalin. Ta ce wata rana ta farka ta ga ƙofa a buɗe. Ta fita ba takalmi, ta samu Gimbiya a bakin babban titi, mai facin taya ya riƙe mata riga, motoci suna wucewa.

"Na ce in na ɗaura ta a jikina, ko ta motsa zan ji. Wallahi ban san yana yi mata ciwo haka ba sai da kika nuna min. Na sassauta, sai ta zare hannu. Na rasa yadda zan yi."

"Me ya hana ki gaya min?"

"In gaya miki ki ajiye aikinki? Ko ki ce na tsufa, ki mayar da ni gidan yayanki in zauna ina kallon bango? Ita kaɗai ce aikin da ya rage min, 'yar nan."

"Kina ji aka kori malamar."

Ta fashe da kuka. Ta ce kullum da niyyar faɗa take tashi, in ta ga fuskata sai ta kasa. Tsorona take ji. Uwar da ta haife ni tana tsorona.

Ban yi mata faɗa ba, ban kuma rarrashe ta ba. Na ɗauko man shafawa na shafa wa hannayen biyu. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba.

Laraba, sha ɗaya na safe

Na kira kafinta ya sa sakata a can sama, inda hannun Gimbiya ba ya kai. Minti ashirin ya yi ya gama. Maganin Inna kuma likita ya ce a mayar da shi na dare. Abin da ake bukata ke nan tun farko.

Na je wurin Shugaba na faɗi komai a tsaye. Ta ce in rubuta in sa hannu, na rubuta. Ta ce ta kira Malama Ƙarama tun jiya a kan wata magana, ita kuma ta ce ba za ta dawo ba. Na karɓi kwatancen gidansu.

Alhamis, shida da rabi na yamma

Ɗaki ɗaya ne a bene na biyu, ita da ƙanwarta. Na tarar tana ɗaure kaya a kwali. Ta samu aiki a wani gari, ranar Lahadi za ta tafi. Ta ba ni kujera, ita ta zauna a bakin gado.

Na ce, "Malama, na zo ne ki yafe min. Ba ke ba ce."

Ta ce, "Na sani. Kakarta ce ko?"

Na ce ya aka yi ta sani.

Ta ce, "Yaranmu ba sa magana, amma abin da ake yi musu kullum suna maimaita shi. Lokacin hutun rana sai ta fizge ɗankwalina, ta ɗora baki ɗaya a hannunta, ɗaya a nawa, sannan ta kwanta. In ban riƙe ba ba ta barci. Na san wani ne da take so yake yi mata, kuma na san wanda take wuni da shi."

"To me ya sa ba ki faɗa a ofis ba?"

"In na faɗa a gaban Shugaba dole ta kai rahoto sama. A zo gidanku a titsiye tsohuwa, ƙila a ce gidan bai dace da yarinyar ba. Na ɗauka in mun zauna mu biyu za mu gyara shi da sakata ɗaya."

Na ce ta dawo, zan tsaya gaban iyaye in wanke ta. Ta girgiza kai. Ta ce hotunan sun riga sun zaga, Maman 'yan biyu ta tura wa kowa, har a bakin titi an nuna ta da baki. Ta ce, "Na yafe miki, Maman Gimbiya. Amma maganar da kika faɗa min ta ƙarshe, ba zan iya kallonki kullum da safe ina tuna ta ba."

Na miƙe zan tafi, sai ta ce, "Tana cin abinci?"

Na ce kwana goma ke nan.

Ta yi salati. Ta janyo cokali daga cikin kwalin da ta riga ta ɗaure, ta danƙa min, ta zagaya bayana. Ta ce, "Kada ki zauna a gabanta, kallo yana ruɗa ta. Ki zauna a baya, ta gefen dama. Kada ki riƙe mata hannu. Gwiwar hannu za ki taɓa, sau ɗaya, haka." Ta taɓa tawa. "Sai ki janye ki ƙirga goma a zuci. Kada ki yi magana ko ɗaya. Maganarki ta fi ƙarfin kanta, in kina yi ba ta jin cokalin. Mutane suna gajiya a shida, ita kuma a takwas take ɗagawa."

Ta sa na gwada a kanta sau uku, tana gyara min, har ta ce ya yi.

Juma'a, bakwai na yamma

Na zauna a bayan Gimbiya, ta dama. Inna tana bakin ƙofar ɗaki ta toshe bakinta da mayafi. Na taɓa, na janye, na ƙirga. A takwas ta ɗaga.

Cokali uku ta ci. Kafin na huɗu ta waiwayo don ta ga mai taɓa ta, ta ga ni ce. Ta daɗe tana leƙen bayana, sannan ta ajiye cokalin.